Safar Hannun Kwamanda

A kamfanin kai saƙo da ke bayan tashar mota, babu wanda ke kiran shugaban masu babura da sunansa na yanka. Kwamanda ake ce masa, kuma ya ci sunan. Shekara goma sha tara yana kan babur, gashin bakinsa har ya fara furfura, amma in ya tsaya a tsakar filin kamfani da safe, hannuwa a baya, sai ka ga ƙarti goma sha biyu sun jeru kowa gefen mashin ɗinsa kamar 'yan makaranta. Zai duba taya, ya duba fitila, ya ja igiyar hular kwano ya ji ko ta ɗauru. In ya gama da babur sai ya koma kan mutum. Dokarsa ba ta da yawa: baƙar jaket, baƙar hula, baƙin takalmi, kada ya ga wata kala a jikin ma'aikaci. Ya taɓa mayar da Rediyo gida saboda jar safar ƙafa. Rediyo kuwa, wanda aka sa wa sunan don bakinsa ba ya mutuwa, bai manta ba, kuma bai yi niyyar mantawa ba.

A gida dai babu Kwamanda, sai Baban yara, yaran ma duk sun yi aure sun watse. Daga shi sai matarsa. Bara ciwon shanyewar ɓarin jiki ya kwantar da ita wata biyu. Allah ya sa da sauran shan ruwa, ta tashi, ƙafa ta dawo, baki ya dawo har da riba, amma hannun dama ya ƙi. Hannun nan kuwa ba ƙaramin hannu ba ne. Shekaru da dama babu jaririn da aka haifa a layinsu da bai sa hular da ta saƙa ba, kowace da tuntu a ka. Yanzu ga shi a kan cinya, lulluɓe da gefen mayafi, ko baƙi suka zo ba ta fito da shi. Likita ya ba ta wata ƙwallon roba ya ce ta riƙa matsawa, ta ce ita ba yarinyar goye ba ce, ta cilla ta bayan kabad. Ranar nan likitan ya ja Kwamanda gefe ya gaya masa gaskiya, cewa hannun da ba a mora mutuwa yake yi a hankali, in shekarar nan ta ƙare ba ta motsa shi ba, to a haƙura da shi.

Ya yi lallashi, ya yi faɗa, ya kira babbar 'yarsu a waya ta yi nata, duk a banza. Abin da ya kasa yi da baki, tsohuwar safar hannunsa ce ta yi. Sanyi ya fara shigowa, ya ciro ta daga akwati, ashe fatar ta tsage, yatsu uku suna leƙowa. Ya yar a kan tebur ya shiga wanka. Da ya fito sai ya tarar da matar tasa zaune da kwandon saƙarta a gaba, kwandon da ya shekara a saman kabad yana shan ƙura, tana ƙoƙarin cusa kwarashi tsakanin yatsun dama da taimakon na hagu. Ya koma banɗaki ya kunna famfo, don kada ta ji abin da ke fita daga maƙogwaronsa.

Mako bakwai ta yi tana saƙar. Ta warware ta sake ya fi a ƙirga, ta zagi zare, ta zagi kwarashi, ta zagi wanda ya ƙirƙiro yatsa biyar. Ranar da ta gama ta sa ya rufe ido ya miƙo hannuwa.

Da ya buɗe ido sai da ya sake rufewa. Ragowar zaren hulunan jarirai ta haɗa, don haka tafin ruwan hoda ne, yatsun kuwa kowanne da kalarsa, ga rawaya, ga kore shar, ga shuɗi mai haske. Babban yatsan dama ya zarce nasa da kusan rabi, ƙaramin na hagu bai kai ba. A wuyan kowace safa kuma ga tuntu yana lilo, don ita a rayuwarta ba ta taɓa gama saƙa ba tuntu ba, hannunta ma bai san yadda ake tsayawa ba sai an kai nan. Ya ɗago kai ya ga yadda take kallonsa, ta riƙe numfashi. Ya ce bai taɓa ganin safa mai kyau irin wannan ba, kuma a lokacin har zuciyarsa ya faɗa. Ita kuwa a take ta ɗauki tsohuwar ta jefa kwandon shara.

Washegari sanyi ya sauko da gaske, irin wanda ruwan da ya kwana a bokiti ke cizon yatsa. Ya sa safar tun daga falo, ya tada babur, ta leƙo ta taga, ya ɗaga mata hannu tuntu na rawa. Ya wuce shagon magani, ya sha kwana, ya kai bayan gidan burodi, sai fuskar Rediyo ta faɗo masa a rai. Ya ga kansa tsaye a gaban mutum goma sha biyu yana nuna taya da koren yatsa. Ya taka birki. Ya waiga hagu, ya waiga dama, ya zare safar ya cusa a aljihun ciki, ya ce wa kansa na yau ne kawai, kafin ya san yadda zai gabatar da ita.

Daga gidan burodi zuwa kamfani tafiyar minti arba'in ce, rabinta a kan babbar gada inda iska ba ta da shamaki. Minti biyar na farko yatsun suka yi zafi, na biyu suka yi zugi, daga nan suka daina yi masa magana gaba ɗaya. Yana kallon hannunsa a kan totur amma bai san ko nasa ba ne. Da ya isa fili ya kasa ɓalle igiyar hular kwano, ya tsaya yana dangwalarta kamar kaza na tsattsagar tsakuwa. Rediyo ya matso da ladabin munafunci ya ɓalle masa, ya tambayi ina safar Kwamanda a wannan sanyi.

Da ya ce ya manta ta a gida, da magana ta ƙare. Amma girman kai ya riga hankali zuwa bakinsa. Ya ce wanda ya shekara goma sha tara a kan babur ba ya bukatar safa, safa ta 'yan koyo ce, da tafin hannu tsirara ake jin abin da inji ke faɗa. Ya faɗa da ƙarfi kowa ya ji. Baki shi ke yanka wuya, tun daga ranar ya rufe wa kansa ƙofa.

Mai karatu zai ce me ya hana shi sayen wata baƙar safa ya ɓoye a akwatin babur. Ya yi tunanin haka, har ya tsaya a gaban shago sau biyu. Amma Kwamanda yana da irin nasa lissafin. A wurinsa cire safar matarsa rauni ne na ɗan Adam, wanda Allah zai iya yafewa. Sa wata a madadinta kuwa cin amana ne tsagwaronsa. Saboda haka ya zaɓi ya sha sanyi, yana ganin ko ba komai yana biyan wani abu daga cikin laifin.

Sai ya shiga dabaru. Na farko ƙwai ne. Akwai mai shayi a bakin layinsu, kullum da safe sai ya karɓi dafaffen ƙwai biyu masu zafi, ɗaya a kowane aljihu, in danja ta tsayar da shi ya cusa hannuwa ya damƙe su. Dabarar ta yi, sai dai ƙwai ba ya riƙe zafi fiye da minti goma, kuma a kan gada babu danja. Ga shi mutum ne da ba ya iya zubar da abinci, don haka in sun huce sai ya ɓare ya cinye, da yamma ya sake sayen biyu. Ƙwai huɗu a rana ba wasa ba ne ga cikin dattijo. Kafin mako ya zagayo, in yana duba babura sai ka ga layi yana buɗewa da kansa, kowa yana neman inda iska ke fitowa. Babu wanda ya yi magana, har Rediyo, wanda ya ce daga baya numfashi ya riƙe, shi ya sa.

Ya bar ƙwai ya koma jarka. Ya samo ta mai lita huɗu, ya raba ta biyu, ya ɗaure kowane ɓari da waya a gaban mariƙin babur don ta tare iska, ya ce wa mutanensa kariyar madubi ce. Iskar ta tare, amma in ya wuce gudu kaɗan sai jarkar ta kama fito, wani irin kuka mai tsini da ya sa karnukan unguwa uku suka san lokacin wucewarsa. Ya jure wannan ma, har ranar da ɓarin dama ya zame ya tokare hannun birki a shataletale, ya tafi sululu ya tsaya da tayar gaba a cikin tiren mai lemo. Ya tsince mata lemonta ɗaya bayan ɗaya da yatsun da ba sa lanƙwasuwa, tana yi masa wa'azi a kan tsofaffin da ba su san sun tsufa ba. A wurin ya kwance jarkar.

Daga nan sai abin da ya samu. Ya cusa jarida a hannun riga. Ya riƙa ɗora tafi a jikin inji in an tsaya, har wata rana ya kuskure ya dafa salansa, ya kwana uku da bororo, ya ce wa matarsa butar shayin ofis ce. Da yamma kuwa tsarinsa bai taɓa canzawa ba. Zai tsaya wurin mai shayi, ya rungumi butar nan da hannu biyu minti goma, mai shayi na kallonsa ba ya tambaya, sannan ya ciro safar ya sa, ya ƙarasa gida tuntu na rawa.

A bakin ƙofa take tarbarsa. Ta zare masa safar, ta kama hannuwansa ta ji ɗuminsu, ta ce, “Ka gani ko? Da wancan tsumman ne da yanzu sun zama ƙanƙara.” Da hannu biyu take kamawa, har da na daman, kuma kullum riƙon yana ƙara ƙarfi. Nan ne daɗin ranarsa yake, nan ne kuma kunya ke kama shi har ya rasa inda zai sa ido. Ta fara saƙa masa abin naɗe wuya. Ta koma cin abinci da dama, ta ɓalle maɓallin rigarta da kanta. Da suka koma asibiti likita ya murza yatsun, ya ce ko me take yi kada ta daina. Kwamanda ya gyaɗa kai, ya ce a ransa ƙaryar nan dai magani ce, wa zai ga laifin mai ba da magani.

Ana haka, wata rana da yamma ta ce masa ranar hutu ya bar mata safar za ta wanke, ta kuma duba inda ta ci ta gyara, don mako shida a kan babur ba wasa ba ne. Ya ce to. Da ya keɓe sai ya ciro safar ya duba. Sabuwa fil, ko zare ɗaya bai tashi ba, don duk tafiyar da ta yi a duniya ba ta wuce daga ƙofar gida zuwa gidan burodi ba. Ranar wanka ba a ɓoyon cibi.

Ana gobe hutu ya laɓe a bayan ɗakin janareta na kamfani ya shiga tsufar da safa. Ya goga ta a bangon siminti, ya shafa mata baƙin mai, ya tattaka ta a ƙasa, ƙarshe ya shimfiɗa ta ya bi ta kai da babur sau biyu. Da yake mutum ne mai son tsari, bai yarda ɗaya ta fi ɗaya ba. Guga talatin a ciki, talatin a baya, dama da hagu daidai wa daida. Ya ɗaga su ya duba, ya ji daɗin aikinsa.

Da safen hutu ta shimfiɗa su a kan faranti kusa da taga, ta sa tabarau. Ta juya ta dama, ta juya ta hagu, ta kai hanci ta shinshina. Shi yana gefe yana karanta jarida, layi ɗaya yake ta maimaitawa.

“Baban yara,” ta ce, “shekara goma sha tara ina wanke maka safa. Ta dama ce ke fara mutuwa, a nan, gindin babban yatsa, inda kake murɗa totur. Ta hagu cikin yatsu take ci, wurin kuloci. Bayan hannu kuwa har a yar da safa ba ya komai.” Ta ɗaga ɗaya. “Wannan bayanta ya fi cikinta cinyewa. Da bayan hannu kake tuƙi yanzu?”

Ya ce faɗuwa ya yi. Ta tambaye shi ko faɗuwar ce ta bar sawun taya a kan duka biyun, kuma wace irin safa ce za ta yi mako shida a hannun namiji ba ta ɗauki warin gumi ba. Ya buɗe baki zai ƙara wata, sai ta kama hannunsa ta juya shi a hasken taga. Kullum da magariba take ganinsa, da ɗumin butar mai shayi a jiki. Yau ta gan shi da rana, gaɓoɓin duk sun yi kaushi sun tsattsage, wasu har da busasshen jini. Nan ya sauke kai ya faɗi komai, tun daga gidan burodi har tiren mai lemo.

Ya shirya wa faɗa. Ya san bakin matarsa, ya ma ƙagu ta fara, don in ta wanke shi tas zai ji sauƙi. Ba ta yi ba. Ta cire tabarau ta ninke, ta ce a hankali, “Ai da ka faɗa mini. Na san hannun ba ya abin kirki. Na ɗauka dai ko ya yi guda ɗaya.”

Kafin azahar ta kira maƙwabciya, ta ba ta kwandon gaba ɗaya, da kwarashi da zare da rabin abin wuyan da ta fara, ta ce ta gaji da tarkace. Hannun ya koma ƙarƙashin mayafi. Ya roƙe ta, ya rantse safar ba ta da aibu, shi ne matsoraci, ya ce daga gobe ba zai sake cire ta ba. Ta ce to. Bai taɓa sanin kalma mai harafi biyu za ta iya yi wa mutum nauyi haka ba.

Ranar aiki ya sa safar, ya wuce gidan burodi bai ko kalli wurin ba, ya hau gada ya sauka, ya shiga fili. Abin da ya fi ba shi haushi shi ne safar tana da ɗumi ƙwarai, don ninki biyu ta yi wa zaren, yatsunsa suka iso lafiya lau kamar daga cikin bargo. Ya kafe babur, ya tsaya a gaban layi, wannan karon hannuwa a gaba.

Rediyo ya dubi safar, ya dubi sama, leɓensa na rawa, ya tambaya cikin ladabi ko dokar kala ta canza ne ba a sanar ba, kuma ko Kwamanda ya koma ajin 'yan koyo.

“Matata ta saƙa,” in ji Kwamanda, “da hannun da likita ya ce saura kaɗan ya mutu. Mako shida ina ɓoye ta saboda tsoron bakinka. Mai dariya ya yi yanzu, muna da aiki.”

Ya ɗauka maganar za ta sa su yi tsit. Ina, dariya suka yi har da riƙe ciki, Rediyo sai da ya zauna a ƙasa, yana nuna tuntu yana share hawaye. Da ya samu numfashi ya zare takalmi ya nuna jar safar nan, ya ce ai tun ranar bai daina sa ta ba. Washegari filin ya koma kamar shanyar gidan biki, wannan da koren ɗankwali a wuya, wancan da hula mai ratsi, suna kuma ya tashi daga Kwamanda ya koma Kwamanda Tuntu. Ya haɗiye duka.

A gida ne abin ya ƙi. Ta daina tarbarsa a ƙofa. In ya ce mata yau tun safe safar na hannunsa, sai ta ce sannu da ƙoƙari, ta ci gaba da abin da take yi da hagu. Bai ga laifinta ba, wanda ya rungumi butar shayi mako shida ba shi da bakin rantsuwa. Ya gane shaida ɗaya ce ta rage da za ta karɓa, ita ce safar da kanta, in ta huje a inda ya kamata ta huje. Matsalar ita ce zaren mai kyau ne, ninki biyu, sanyin kuma saura mako uku ya tafi.

Sanyi ya tafi, safa ko gezau. Mutane suka ajiye jaket masu nauyi, aka fara kunna fanka, Kwamanda na nan da safar ulu. Zafi ya shigo sosai, kwalta na tururi da rana, shi yana murɗa totur gumi na bin hannun rigarsa har gwiwar hannu. Ƙuraje suka feso masa tsakanin yatsu. Wata mai shagon magani da yake kai wa kaya ta ja shi gefe, ta ce ciwon fata ba abin kunya ba ne, ta miƙa masa man shafawa kyauta. Manajan kamfani ya kira shi ofis ya tambaya ko akwai abin da ke damunsa a gida, da za su rabu kuma ya fasa miƙa hannu, ya dafa kafaɗarsa. Yara a danja suna yi masa waƙa. Duk wannan bai dame shi kamar abin da yake gani in ya koma gida ba. Cokali ya koma hagu. Maɓallin riga sai ta jira shi. Ranar asibiti likita ya murza yatsun, ya koma tebur ya rubuta wani abu mai tsawo.

Rediyo ne ya fara gajiya da dariyar. Wata rana ya same shi a inuwa yana fifita hannu, ya duƙa ya duba tafin safar, ya ce ai ta kusa, in aka ɗan taimaka mata da dutsen wasa wuƙa a daidai wurin, ko Madam ba za ta gane ba. Kwamanda ya yi masa wani kallo da ya sa ya ja da baya taku biyu. Rediyo ya sosa ƙeya ya tafi. Washegari sai ga shi ya dawo da takardar rabon hanya, ya ce su yi musaya, shi ya ɗauki ta bayan gari, Kwamanda ya ɗauki ta cikin kasuwa. Hanyar kasuwa kowa gudunta yake, don ba a tafiyar taku ashirin ba a tsaya ba, a murɗa a saki, a murɗa a saki, tun safe har yamma. Kwamanda ya gane nufinsa, ya karɓa. Bai yi godiya ba, Rediyo ma bai jira ba.

Mako na biyar a hanyar kasuwa, wata rana da la'asar, yana cikin cunkoso bayan wata motar kaya, ya murɗa totur sai ya ji robar mariƙi mai zafi ta taɓa fatarsa. Ya ɗaga hannu ya duba. A gindin babban yatsa zare ya rabu, rami ya buɗe bai fi bakin kwalba ba. Na bayansa suna ta hon, shi yana zaune yana kallon ramin yana murmushi kamar wanda aka yi wa albishir. Sauran saƙo uku gare shi, sai da ya kai su duka, don Kwamanda ne.

Rana ba ta faɗi ba ya isa gida. Tana zaune a falo kusa da fanka. Ya zare safar ya ajiye mata a kan cinya. Ta ɗauka da hagu ta juya. Ta kai hanci, ta yi saurin kawar da kai tana yamutsa fuska. Ta duba bayan, ta duba cikin yatsun ta hagu inda suka yi sulɓi suka sirance, sannan ta dawo kan ramin ta daɗe. Can sai mayafi ya motsa, hannun dama ya fito a hankali, ta zura manunin yatsa a ramin ya ɓullo ta ɗaya gefen.

Ta ce ya nuna hannuwansa. Ya miƙa, sun yi fari sun yamushe kamar na mai wankau, ga ƙuraje jajur.

“A wannan zafin,” ta ce. “Wata nawa?”

“Uku da 'yan kwanaki.”

“Kai dai har ka mutu ba za ka yi hankali ba. Da sanyi ka ƙi sawa, da zafi ka ƙi cirewa.” Ta ninke safar a kan cinya. “Tashi ka je ka ce wa maƙwabciya ta ba ni kayana, aro na ba ta. Ka wanke hannun nan tukuna, kada ka kashe mata yara.”

Bai wanke ba, da gudu ya fita, takalmi ƙafa ɗaya. Ya dawo da kwandon a rungume ya ajiye a gabanta. Ta zaɓi zare, ta cusa kwarashi tsakanin yatsun dama, ta kai bakinsa ga ramin. Yatsun sun yi wata uku suna barci, kwarashin ya suɓuce ya faɗi ƙasa, ya gangara gefen kujera. Kwamanda ya yunƙura zai ɗauko.

“Bar shi,” ta ce.

Ta sunkuya ta miƙa hannun dama. Yatsun suka taɓa kwarashin suka ture shi, suka sake bi, suna rawa. Kwamanda ya koma kujera ya zauna a kan hannuwansa don kada su riga ta, yana kallo, har ta kama.